Awa Huɗu a Ɗakin Ajiya

Mai girma shugaban taro, 'yan kwamitin duba dokokin gidan yari, iyaye da 'yan'uwa, assalamu alaikum. Ina godiya da minti biyar ɗin da aka ba ni. Tsohon malamin lissafi ne ni, ba zan ci na shida ba.

Ranar Laraba, sha huɗu ga Maris na bara, da ƙarfe shida da minti ashirin na safe, gandiroba ya buɗe ɗakin kaɗaici ya tarar ɗana ya rasu, bayan kwana sittin da uku a ciki. Laifin da ya kai shi can, surutu. Wannan kam ba ƙazafi ba ne, gado ne ta wajen uwa.

Rahotonku ya kira wurin "ɗakin natsuwa". Ni kuwa ba na karɓar amsa sai na ga aiki. Saboda haka na auna ɗakin ajiyar gidana, taku uku a taku biyu, daidai da nasa, na miƙa wa maiɗakina makulli, na ce, "Kwana uku. Ko kuka kika ji, kada ki buɗe."

Awa ta farko na natsu, kamar yadda rahoto ya yi alkawari. Ta biyu na ƙirga ramukan bango sau biyu, amsa ta bambanta. Ta uku na koya wa buhun gawayi lissafin kaso, har na ji haushi da bai yi tambaya ba. Ta huɗu na buga ƙofa.

Ta ce, "Malam, kai fa ka ce kada in buɗe."

Na ce, "Wanda ya faɗa miki haka jahili ne."

Ta ce, "Shekara talatin ina jiran wannan magana." Ta buɗe.

Ku yi dariya, ya halatta. Sai dai ni na san hannun da ke riƙe da makullina. Ɗana kuwa awa dubu ɗaya da ɗari biyar da sha biyu yana bugawa, ba wanda ya amsa.

Roƙona biyu ne. Na farko, a yanka wa kaɗaici wa'adi, domin mutum rahama ne, hana shi ɗan'uwansa azaba ce ko ba a ɗaga bulala ba. Na biyu, duk mai sa hannu a rufe wani ya fara shiga na awa guda. Jiki magayi.

Allah Ya jiƙan namu, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Amma da safen nan na tambaya: akwai wani mutum a ɗakin da ɗana ya rasu, yau kwanansa sha tara, kuma ba a buɗe ba.

Na gode.