Kwalin Imrana

A tashar Jega, Imrana ya rungume wani kwali cikin motar Aliero. Wani dattijo ya zauna kusa da shi.

"Samari, wanga riƙo haka, jariri ne ciki?"

"Sabuwar na'urar gem ce, Baba. An ce 'yan ƙwallon cikinta har zufa suke yi! Ko buɗe ta ban yi ba."

"Tsohonka ya sani?"

Imrana ya yi dariya. "Injin ban ruwan albasa ya aike ni saye. Kafin shi gane, na ci kofi."

"Wane ne shi?"

"Alhaji Waliyyu."

Dattijon ya gyara zama. "Madalla. Ni ne makanikin da yak kira in haɗa injin. Yana can bakin rijiya yana jiranmu."