Karayar Muƙamuƙi a Hanyar Aliero

Iyaye da 'yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta zauna tare da ku duka.

Sunana Saratu, matar Ishaya bakanike da ke bayan tasha. Asalinmu mutanen Zuru ne, amma a nan Jega na yi aure na haihu. Wasunku da albasa kuka san ni, wasu kuma da baki, don ba a ciniki da ni a tashi ba a gaji ba.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ne, lokacin cirar albasa. Na je Aliero sari, na hau bayan a-kori-kura kan buhuna, muka kamo hanyar gida. Taya ta fashe. Abin da na sani kawai haɓata ta daki ƙarfen motar. Da na farfaɗo na tofar da jini, na so in rufe baki, haƙoran sama da na ƙasa suka ƙi haɗuwa.

A ƙaramin asibiti wata nas ta duba ta ce muƙamuƙi ne ya karye, mu nemi likitan haƙori. Ishaya ya fito yana faɗa, wai matarsa ta karye a ƙashi ana tura shi wurin mai cire haƙori. Ni ma haka na gani, don ko haƙori ɗaya ban rasa ba. Ga kuma Aliero a gefenmu, garin da ake kawo mutane ɗori daga nesa a kwance, su koma da ƙafarsu. Mu maƙwabta ne za mu tsallake?

Tsohon mai ɗorin da muka je wurinsa mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa laifi ba. Ya shafa fuskata ya ce, "Ɗiyata, wanga ba hannu ba na, ba ƙahwa ba ta. Ina za ni aza karan ɗori?" Muka nace, Ishaya har da durƙusawa. Ya ja, ya daidaita iya iyawarsa, ya naɗe mini kai da ƙyalle, ya ce saura na Allah ne.

Ƙashi ya kama, amma a karkace. Da aka kwance ƙyallen, bakina bai buɗe ba sai daidai shigar ƙaramin cokali. Ana nan ana nan, cokalin ma ya daina shiga.

Ina da goyo a lokacin, Hannatu. Ni kuwa kunu da nonon shanu nake zuƙa ta gefen baki. Na rame, zane ya daina zama a ƙuguna, ruwan nono ya fara ɗaukewa. Yarinya ta kama, ta ja, ta saki, ta sa kuka.

Mutane sun ɗauka kuka nake yi a ɗaki. Ban yi ba. Zama nake yi a bakin ƙofa ina kallon kaji har rana ta juya. Hannatu tana tsala ihu a cinyata, ina jin ta kamar 'yar maƙwabta. Zumuntar mata suka zo suka yi waƙa, ni bakunansu kawai nake kallo. Ban ji haushin Allah ba, ban kuma ji yana kusa ba. Babu dai komai a cikina.

Wata rana Mama Laraba, matar fastonmu, ta ƙi tafiya bayan sauran sun watse. Ta riƙe hannuna ta ce ba za ta tashi ba sai na yi addu'a da kaina, ko kalma ɗaya ce. Don ta ƙyale ni, na ce ta tsakanin haƙora, "Ubangiji, yarinyar nan taka ce. Ni ba ni da abin ba ta." Shi ke nan. Ban ga haske ba, jikina bai yi rawa ba. Ta ce amin ta ɗauki jakarta.

A makon nan Dije, Bafulatanar da ke kawo mini nono daga wajen Karaye, ta tambaye ni me ya sa kullum nono tsararo nake so, ba na son fura. Na janye mayafi ta gani. Ta daɗe tana duba, sannan ta ce ƙanen mijinta haka saniya ta harbe shi a haɓa, kuma yanzu yana cin nama. Na tambaye ta wane mai ɗori ne. Ta ce, "Ba ɗori ba na, likitan haƙori na. Ba mai cirewa ba, akwai wani nasu da ƙashin huska shi na aiki nai." Ta ce daga Sakkwato yake zuwa Birnin Kebbi jefi-jefi.

Na faɗa wa Ishaya. Ya je ya wanke hannu ya nemo mota. Zuwan farko ba mu sami likitan ba, aka ce mu dawo. Muka koma.

Gajeren mutum ne, ba ya da yawan magana. Ya sa aka ɗauki hoto, ya ɗaga shi a taga, ya ce sai an sake karya ƙashin a gyara, a ɗaure haƙora da waya. Bai yi mana faɗa ba. Ishaya yana ta tambayar ko akwai haɗari, ni kuwa na ce to, kamar an ce in miƙo tabarma.

Aka yi aikin. Na yi makonni baki a ɗaure. Matan nan da kuke gani a gaba su suka raba kwana, wannan ta tace mini romo, waccan ta dama wa Hannatu koko. Ruwan nono bai dawo ba. Leɓena na ƙasa kuma har yau ba ya jin taɓi, likitan ya ce jijiyar ta daɗe a matse, wataƙila haka zai zauna.

Ranar da aka cire wayar ya ce in buɗe. Yatsa biyu suka shiga, aka yi ta motsa bakin har uku suka shiga.

Muna isowa gida Ishaya ya sayo tsire. Na ɗauki yanka ɗaya na tauna a hankali, na tauna har ya yi laushi, na ciro na sa wa Hannatu a baki. Ta haɗiye ta sake buɗewa. Ishaya ya ce in share haɓata. Na kai hannu na ji ruwa, ashe hawaye ne ke sauka ban sani ba.

Ga Hannatu can a baya tana jan ɗankwalin Mama Laraba. Na gode wa Yesu da ya karɓi addu'ar da na yi don a ƙyale ni. Ke da kike zaune yau ba ki jin komai a zuciyarki, faɗa masa haka ɗin, ko ta tsakanin haƙora ne. Yana ji. Amin.