Ginshiƙin Don Hilarión da Muka Rushe

Limamin cocinmu Fada Celestino, da mai girma Magajin Gari, shugabar makaranta da malamanta, uwarmu Doña Basilia matar marigayi, 'yar'uwarmu Zenobia 'yarsa da 'ya'yanki, jama'ar gari, ina gaishe ku. An zaɓe ni in yi magana a madadin ɗaliban marigayi Don Hilarión Chuquimia, wato Malam Hilarión, kuma wallahi na tsaya a gabanku ne kaina a sunkuye.

Ya kasance malamin lissafinmu, mu da iyayen wasunmu. Ya kasance mutumin da zai shigo aji da igiya da ƙusa, ya zana da'ira a ƙasa, ya ce, "Kada ku yarda don ni na faɗa. Girkawan da suka fara wannan ilimi ba sa karɓar magana sai da hujja. Ku kawo hujja." Daga nan muka laƙaba masa suna Bagirke, kuma ba don girmamawa ba.

Ya kasance shi da hannunsa ya gina ginshiƙin dutsen nan a dandali. Kowace shekara yakan fito da mu da tsakar rana mu auna inuwarsa, ɗaliban wata makaranta can kudu a Tarija su auna tasu, a haɗa, sai ga girman duniya ya fito a allo, kamar yadda wani Bagirke ya yi tun kafin haihuwar Almasihu. Ni a irin wannan ranar na fara sanin cewa kan ɗan makiyayi ma zai iya ɗaukar duniya. Yau ni ke awon filayen lardin nan. Cikinmu akwai masu gina gada, akwai mai tuƙa jirgin sama.

Amma bara, da masu motocin haya suka nemi wurin tsayawa, garin nan ya taru a kan a cire ginshiƙin. Tsoho ya zo yana dogara sanda, ya roƙi a bar wa yara abinsu. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Don Hilarión, Girkawan nan naka sun taɓa dafa wa wani dankali?"

Ya juya ya ce, "Ba su dafa ba, ɗana. Amma gonar da ka tono shi a cikinta, da iliminsu aka raba muku ita kai da ƙaninka ba a zubar da jini ba."

Aka fashe da dariya, aka ce tsoho bai rasa baki ba, sannan aka ɗaga hannu, aka amince a rushe ginshiƙin. Mu ɗalibansa muna cikin zauren, da takardun shaidarmu da manyan rigunanmu, babu wanda ya miƙe. Ya sa hularsa ya fita shi kaɗai. Bai sake taka dandalin ba har Allah ya karɓi ransa.

Doña Basilia, makon jiya mun je gidanki da albishir, wai za a sa wa titin kasuwa sunan mijinki. Kika ba mu kujeru, kika zuba mana shayi, kika ce, "'Ya'yana, titi ba ya koyar da kowa. Tun da ya bar aiki babu mai koyar da lissafi a makarantar nan. Abin da ya hana shi barci ke nan, ba dutse ba." Mun rasa inda za mu sa idonmu.

Uwa, ba mu zo neman yafiya da baki ba. Zenobia, ki riƙe mu da wannan: mu ɗalibansa za mu karɓi ajin bi da bi, daga Litinin mai zuwa, har a samo malami.

Mun gode wa duk wanda ya bar gonarsa da rumfarsa ya zo. Ubangiji ya ba Don Hilarión hutawa ta har abada, ya ƙarfafa zuciyar iyalinsa. Mu kuma, idan ya sake aiko mana da irinsa, ya ba mu kunnen jin sa tun yana da rai. Amin.