Hayaƙin da Muka Kora daga Madafi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma shugaban wannan taro, wakilin Mai Martaba Sarki, hakimai da masu unguwanni, malamaina da na yi karatu a gabansu, ma'aikatan daji da na gona, iyayena mata da ƙannena, da baƙin da aikin sabon birni ya kawo mana, Assalamu alaikum.

Ku gafarce ni da na tsai da ku a wannan rana, kuna da abin yi. Ni Sailuba, allo na sani, ban saba da lasifika ba. In muryata ba ta kai baya ba, na gaba ya taimaki na baya.

Ina godiya ga Malam Bamalli, malamin daji, wanda bara ya zo gidana da zanen wani murhu a takarda. Ya ce tun farin da aka yi shekara biyar baya masana ke neman yadda za a dafa tuwo ba a cinye daji ba, kuma yana son mace mai haƙuri ta gwada. Ina godiya ga Rifkatu, maginiyar tukwane daga wajen Izom, wadda ta dubi zanen sau ɗaya ta gina mini shi da yumɓu a madafina: baki ɗaya na itace, gurbin tukunya biyu, da bututu mai fitar da hayaƙi ta bayan ɗaki.

Na farko, abin da na gani. Kun san tun da aka ce za a gina babban birnin ƙasa a maƙwabtanmu, har garinmu ya ba da sunansa ya karɓi Suleja, bakuna sun yi yawa, murahu sun yi yawa. Matan da ke kawo mana itace a kafaɗa, da kafin hantsi sun iso, yanzu sai azahar. Da marke ake sara, yau gatari ya kai ga kaɗanya da ɗorawa, waɗanda iyayenmu ba sa taɓawa. To, gani ya kori ji. Kwana arba'in ina tuƙa mudu ɗaya a tukunya ɗaya, yau a duwatsu uku, gobe a sabon murhu, ina ɗiga tawada a allo duk itacen da na sa. Damin da ke yi mini kwana uku ya yi bakwai. Idona ya daina hawaye, tarin da ke tashe ni ya lafa. Na yi ta tambayar kaina, ashe duk shekarun nan rabin wutarmu iska muke dafa wa?

Daɗin abin ya sa na matsa wa Rifkatu ta gina irinsa a nata gidan. Ta ce ita ta saba da na kakanninta. Na ce ta yarda da ni. Ta yarda.

Na biyu, abin da ban gani ba sai da ya faru. Kowace mace a nan ta san inda ake rataye zangarniyar iri bayan girbi: a rufin madafi, saman murhu. Haka muka tarar, haka muke yi, ba wadda ta taɓa tambayar dalili. Makon jiya Rifkatu ta sauke nata irin, jar dawa da uwarta ta ba ta ranar da aka kai ta ɗaki, wadda shekara ashirin ba ta taɓa yankewa a hannunta ba. Ta murza, sai gari. Ƙwari sun cinye cikinta, sun bar ɓawo. Ta zo da shi a ƙwarya ta ajiye a gabana, ta ce, "Malama, itacen da kika rage mini na gode. Amma me zan shuka?"

Na tashi na shiga madafina. Na duba nawa, haka yake. Na leƙa gidaje shida masu tsohon murhu, irinsu baƙi ƙirin da kunkunniya, amma lafiya lau. Ashe hayaƙin da muka kora yana wani aiki, bai taɓa faɗa mana ba.

Na uku, abin da har yanzu nake son in sani. Mene ne a cikin hayaƙin ƙwari ke gudu? Zafinsa ne, ko ɗacinsa, ko kunkunniyar da yake shafa wa ƙwaya? Kullum ake bukatarsa, ko sau ɗaya a mako ya isa? Rifkatu, duk da abin da ya same ta, ta ce za ta huda bututun ta yi masa marfin yumɓu, a riƙa buɗewa in an sauke tukunya don hayaƙi ya kai ga irin. Ko zai yi, Allah masani, sai an gwada daga girbi zuwa shuka.

Malam Bamalli na da takardar da zai aika Minna, yana son hannuna a kai cewa murhun ya yi. Na ce ya yi, amma shaida amana ce, ba a ba da rabinta. A rubuta itacen, a rubuta irin, sai in sa hannu. Sai ya ce in zo in faɗa da bakina. Ga shi na faɗa.

Allah Ya ja zamanin Sarki, Ya ƙara wa masu bincike basira, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Roƙona biyu ne. Kada kowa ta fasa tsohon murhunta sai mun gama gwajin marfin. Sannan duk wanda ke da wannan jar dawa ta wajen Izom, ko zangarniya biyu ce, ya kawo gidana a kai wa Rifkatu, domin a kan maganata ta rasa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ba a fafe gora ranar tafiya. Don Allah a ba ni amsa kafin Juma'a.

Na gode.