Mai Kitso da Maganin da Bai Iso Ba

'Yan'uwana cikin Almasihu, iyayena da ƙannena, ina gaishe ku da sunan Yesu Mai Cetonmu. Ku yi haƙuri da ni. Tun da nake ban taɓa tsayawa a gaban ikilisiya ba.

Sunana Rahila, matar Ishaku mai gyaran wuta a jami'a. Yawancinku kun san ni da kitso. Shekarata goma sha ɗaya ina wannan sana'a a nan Wudil. Ɗalibai da matan malamai da amare daga Utai har Indabo, duk sun zauna a gabana.

Shekara biyu da suka wuce, wata Asabar da safe ina tsifa, sai yatsana ya taɓa wani wuri sumul a ƙeyata, faɗin kwandala. Na kira maigidana ya duba. Ya duba, ya ce, "Maman Saratu, babu gashi a nan."

Kafin wata uku, wuri ɗaya ya zama biyar. In na yi wanka, gashi na bin ruwa. Daga nan girata ta hagu ta fara tafiya. Wayyo, 'yan'uwa! Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Wace mace ce za ta miƙa kanta ga mai kitson da nata kan ke zubewa? Za a ce ƙora ce, za a ce ana ɗauka. Sai na ɗaure ɗankwali har goshi, na zana gira, na rufe bakina. Ko matan zumunta ban gaya wa ba.

Likitan fata a Kano ya ce ba ƙora ba ce, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗauka. Garkuwar jikina ce ke faɗa da tushen gashina. Ya yi mini allurai a fatar kai, ya ba ni na shafawa. Gashin ya fito kaɗan, ya sake zubewa.

Na ce, "Likita, shi ke nan babu wani magani?"

Ya ce, "Akwai sababbi. Wasu an fara ba da su a ƙasashen waje, wasu ana kan gwajinsu. Amma ba zan rubuta miki abin da hukuma ba ta amince da shi a nan ba. Suna da ƙarfi, sai da gwajin jini a kai a kai. Ki jira."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba, Madam. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Daga ranar wayata ta zama ubangijina, Allah ya gafarta mini. Kafin in yi addu'ar safe sai na duba ko an gama gwajin maganin, ko hukuma ta sa hannu. In na ga labari mai daɗi, in yi ta murna. In na ji an dakatar da wani magani saboda ya yi wa mutane illa, abinci ba ya shiga bakina. Ina tsoron maganin ya ƙi zuwa, ina tsoron ya zo ya kashe ni, ina tsoron ya zo bayan tushen gashin ya riga ya mutu. In iska ta taso ina cikin kasuwa, hannuna na kan ɗankwali.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, wani mai tallan magani ya ji ina tambaya a kemis. Ya biyo ni waje, ya yi ƙasa da murya. "Hajiya, ina da maganin ƙasar wajen nan da kike nema. Masu jiran hukuma sai su tsufa suna jira."

Kwalbar ba ta da lambar rajista. Na gani da idona, amma na saya. Na ɓoye ta cikin buhun attach, gashin kantin da nake kitso da shi, inda Ishaku ba ya taɓawa.

Kwana huɗu ina sha. A rana ta biyar da hantsi, ina yi wa Malama Asiya shuku, wata malamar jami'a da ta daɗe tana zuwa wurina, sai zuciyata ta fara bugawa kamar za ta fasa ƙirjina. Leɓena ya kumbura, numfashi ya ƙi shiga. Na zame daga kujera, ɗankwali ya faɗi.

Kun san abin da na fara yi? Ba ƙirjina na dafe ba. Kaina na rufe da hannu biyu!

Malama Asiya ta riƙe hannuwana. "Innalillahi! Rahila, bar kan nan, me kika sha?" Na nuna mata buhun. Da rabin kitso a kanta ta yafa mayafi, ta sa ni a motarta.

A kujerar baya na yi addu'ar da na kasa yi shekara guda. Babu tsari a cikinta. Na ce, "Yesu, ina tsoro. Kada in mutu a kan gashi in bar Saratu. Na yi ƙarya, na ɓoye, na sa begena a kwalba. Ka riƙe ni!" Tsoron bai tafi ba, amma na daina jin ni kaɗai ce a cikinsa.

Kwanana biyu a asibiti. Har yau ba wanda ya iya gaya mini abin da ke cikin kwalbar nan. Ishaku ya zauna a bakin gado yana hawaye. "Ni na ce miki gashi na aura? Da kin mutu me zan gaya wa yarinyar nan?"

Bayan an sallame ni, Malama Asiya ta dawo, ta zauna a tabarma, ta ce, "To, zo ki ƙarasa mini kitsona." Na ƙarasa shi ina kuka. Wasu sun ji labari sun daina zuwa, gaskiya ne. Da yawa sun zauna.

Ba zan ce muku gashina ya dawo ba. A ƙarƙashin ɗankwalin nan fiye da rabi babu. Maganin bai iso ba, kuma akwai safiyar da gabana ke faɗuwa in na kalli madubi. Amma ina raye, ina numfashi, kuma yau ba ni da abin ɓoyewa. Haleluya!

Ina roƙonku abu biyu. Kada tsoro ya sa ku sha abin da ba ku sani ba. Sannan ku taya ni addu'a domin waɗanda suka ba da jikinsu ana gwada magungunan nan, da masu binciken, da masu sa hannu. Ban san sunan ko ɗaya ba. Dā ina jin haushin jinkirinsu. Yanzu ina roƙon Allah kada su yi gaggawa.

Ku dogara ga Yesu, ko da kuna jin tsoro kamar ni. Godiya da ɗaukaka su tabbata gare shi. Amin.