Ranar da Kwalekwalen Ladi Ya Kife

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ku yi haƙuri da kai-komon da nake yi a gabanku, ba na iya tsayuwa wuri ɗaya. Yau za ku ji dalili.

Sunana Rifkatu. A Ƙofar Mazugal ta Kano aka haife ni, Baba yana aikin asibiti, muna haya a gidan wani Alhaji mutumin kirki. Bayan gidan akwai kududdufi. Kowace uwa a unguwar doka ɗaya take kafa wa 'ya'yanta: in wani ya faɗa ruwa kada ka matsa, zai ja ka, ruga ka kira manya. Ran da yayana Bulus ya zame ya faɗa ciki, ina 'yar shekara bakwai, ya miƙo min hannu, sai na bi doka. Na ruga. Kafin maƙwabta su iso, ruwa ya kwanta, ya cinye shi.

Ba wanda ya ɗora min laifi, ni na ɗora wa kaina. Shekara da shekaru ina canza aiki, ina canza gari, ko wa'azi ba na iya zama a gama. Hannun nan kawai nake gani.

Aikin jinya ya kai ni Legas, na haɗu da abokiyar aiki, Ladi, mai naci kamar ƙuda. Wai sai na bi ta koyon tuƙa wani siririn kwalekwale na mutum ɗaya, kayak suke ce masa. Na ce, "Ke Ladi, ni da ko gada ba na son hayewa?" Ta ce, "Bakanuwa, sai cika baki!" Haushi ne ya kai ni, ba ƙarfin hali ba.

A ruwa mai kwanciya na iya. Sai mataki na biyu, na bin gaɓar teku. Aka koya mana lura da cikowar ruwa da janyewarsa, da tokare igiyar ruwa da filafili, da ceton wanda ya kife. Wannan na ƙarshen kam, duk ranar da za a yi shi sai in ƙirƙiro ciwon kai, in yi kallo daga gaɓa. Allah ya gafarta min, ƙarya nake yi.

Wata Asabar da hantsi, malaminmu da sauran sun sha kwana bayan duwatsu, ni da Ladi muna baya. Igiyar ruwa ta buge ta ta gefe, kwalekwalenta ya kife. Ta taso tana tari, ruwa yana jan ta wajen duwatsu. Ta ɗago hannu: "Rifkatu!"

Kun san me na yi? Na juya zan je kiran manya! Ni, gandamemiya da ni, a cikin teku! Wane babba? Ni ce babbar.

Na fashe da kuka, na ce, "Yesu, na gaji da gudu. Riƙe ni in riƙe ta."

Sai na juyo. Abin da na kalla daga gaɓa ya dawo min tiryan-tiryan. Na kamo hancin kwalekwalenta, na jawo shi bisa nawa, ruwan ya zube, na birkito shi, na jera shi da nawa, na danne shi da ƙirji. Ta yunƙura ta kasa hawa. Sai na miƙa mata hannu. Ta ja ni kuwa, kamar yadda iyayenmu suka faɗa, ta ja ni sosai, amma ban faɗa ba. Haleluya!

Da ta zauna tana haki, sai cewa ta yi, "Ina ciwon kan?"

Mama, ga ki nan zaune. Ban taɓa gaya miki Yaya ya miƙo min hannu ba. A ruwan nan, da na ji ƙarfin jan Ladi, Ubangiji ya ganar da ni: da 'yar shekara bakwai ta kama hannun nan, da biyu kika binne.

Na gode wa Ubangiji da ya sauke min wannan kaya. Duk wanda yake gudu kamar yadda na yi, ya dogara ga Yesu, ya kira shi ko da murya tana rawa. Yanzu bari in je kusa da Mama. Yau zan zauna har a tashi.