Farin Yadin Bikin Afra'u

A rumfarsa ta sayar da yadi a unguwar Briqueterie, Malam Na'Allah ya ga wata mata ta nuna farin alawayyo, sai ya sassauta murya.

"Allah ya jiƙan rai, Hajiya. Babba ne ko yaro?"

"Subhanallahi! Ba likkafani nake nema ba, Malam. Bikin ranar haihuwar 'yata Afra'u ne. A lekol aka koya musu tarihin Masar, ta dage sai an nannaɗe ta kamar gawar Fir'auna."

"A wannan matsin, da aka zabge albashi?"

"Gato, wato kek ɗin biki, ya fi ƙarfina, fanke zan jera kamar dalar Masar. Yadin kuma in wanke, ya zama rigar Sallah."

Na'Allah ya kwashe da dariya, ya ƙara mata rabin mita.

"Shekara ashirin ina yanka farin nan, yau ne wanda aka naɗe zai tashi ya ci fanke!"